Hawan Asibiti

Bakanike ya zura sifana ƙarƙashin kujerar baya, ya danna da iya ƙarfinsa, notin ƙarshe ya yi ƙara ya saki. Ya fito da kansa daga cikin motar yana share gumi da bayan hannu.

"Yallaɓai, ka tabbata? Har yanzu fa ina iya mayar da ita."

"Cire," in ji mai motar.

"Ni fa da wasa na faɗa ranar nan cewa nauyi na cin gudu. Kujera nauyinta nawa yake? Ai gara mutum ya rage tumbi."

Ya yi dariyarsa shi kaɗai, don mai motar ba shi da tumbin da zai rage. Wandonsa ma bel ne ya riƙe shi, an ƙara masa huda da ƙusa. Su biyu suka kama kujerar suka jawo ta waje. A inda ta tashi akwai murfin biro, da rabin biskit da ya bushe, da ƙaramar safa ƙafa ɗaya. Bakanike ya sa tsintsiya ya share su zuwa ƙasa, mai motar kuwa ya juya yana kallon wata tsohuwar taya kamar a jikinta aka rubuta wani abu.

A ofishin ruwa inda yake aiki, Sannu-sannu ake kiransa. Tuƙinsa ne ya jawo masa sunan. Shekara da shekaru yana da wannan ƙaramar mota mai ruwan toka, bai taɓa goga ta a jikin komai ba. Abokan aiki kan ce in ka shiga motarsa da safe, ka tafi da abincin rana. Mai keke ma yakan wuce shi yana ɗaga masa hannu. Shi dai murmushi yake yi ya ce, "Yara ne a baya."

Yaran biyu ne. Babbar mace ce, kowa na kiranta Yaya saboda haka ƙaninta ke kiranta. Ƙaramin kuma Auta, ɗan shekara biyar, mai ciwon asma tun yana goye.

Bakanike ya jingina kujerar a gindin bishiyar da masu jiran gyara ke fakewa. Kafin su juya, wani mai tasi da ya kawo birkinsa ya riga ya baje a kanta, ya miƙe ƙafa yana latsa waya. Sannu-sannu ya kau da kai.

"Zo ka ga aikinka," in ji Bakanike, ya ɗaga bonet.

A gefen injin an ɗaure wani ƙarfe mai kama da katantanwa, bututu na fita daga jikinsa ta ko'ina. Turbo ke nan, abin da ke cusa wa inji iska da ƙarfi har ya yi gudun da ba a ƙera shi don shi ba. Daga jikin wata mota da ta yi hatsari Bakanike ya ciro shi, ya yi ta yanka da walda kafin ya zauna.

"Gaskiya ban taɓa yin aikin da ya burge ni kamar wannan ba," ya ce, yana shafa bututun. "Amma ka ji ni da kyau. Injin nan na cefane ne da kai yara makaranta. Mun ɗora masa kayan da ya fi wuyansa, lagireton kuma bai kai ba. Ka sa ido a kan allurar zafi. Da ta haura rabi, ɗaga ƙafarka. Ka bari in samo babban lagireto tukuna kafin ka matsa mata."

"Yau zan gwada ta."

"A ina?"

"A hawan asibiti."

Bakanike ya daina shafa bututun. Ya san labarin, duk garejin sun sani. Ya rufe bonet a hankali, ya miƙa masa makulli.

Tsakanin unguwarsu da babban asibiti akwai wani dogon hawa, hanya ɗaya mai zuwa ɗaya mai dawowa, tifofin yashi na bin ta wuni guda. Wata ranar Asabar da rana tsaka, ciwon Auta ya tashi. An shaƙa masa maganinsa, an sake shaƙa masa, ƙirjinsa bai daina kukan usur ba. Uwar ta rungume shi a kujerar baya, Sannu-sannu ya ja mota. Ranar ce karon farko a rayuwarsa da ya taka totur har ƙasa. A hawan suka tarar da tifofi a jere, maƙare da yashi, suna tafiya kamar masu jin barci. Ya fita zai wuce, motar ta yi gurnani ta kasa, mota ta taho daga gaba, ya koma baya. Ya sake fita, ya sake komawa. Ya danna oda har ta dushe. A bayansa matarsa na kiran sunan yaron, tun tana kira da ƙarfi har ta koma raɗa. Da suka kai ƙofar asibiti, ba ta yi saurin fitowa ba.

Likitar, wata dattijuwa mai gilashi, ta zaunar da su ta ce irin wannan tashin ko a bakin ƙofar asibiti ya sami yaro, ba lallai ne a iya ceto shi ba. Matarsa ta ji maganar gaba ɗayanta. Shi kuwa "ba lallai ba" kaɗai ya shiga kunnensa. Ke nan da an iya.

Bai yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa har yabon haƙurinsa suke yi. Da ƙafa ta ɗauke, sai ya kai motar gareji a canza fulogi. Daga fulogi sai matatar iska. Daga nan aka yanke salansa aka sa mai faɗin baki, motar ta fara ruri har maƙwabta suka raɗa mata Jirgi. Mai rewaya ya taɓa ƙwaƙwalwar injin don ya riƙa shan mai da yawa. Aka cire na'urar sanyi, wai tana janye ƙarfi. Aka fitar da tayar safaya daga but. A ofis ya koma kallon bidiyon injina a waya, takardun mutane na taruwa a gabansa, har shugaban sashe ya kira shi ya yi masa magana mai laushi, daga baya ya yi masa mai zafi. A gida kuwa yakan ci abinci a tsaye, baƙin mai a ƙarƙashin faratansa.

Da ya shigo layinsu daga gareji, tun daga nesa rurin ya riga shi isa. Wata maƙwabciya ta janye ɗanta daga bakin hanya tana tsaki. Yaya na tsaye a ƙofar gida da jakar littattafai, tana jiran ya kai ta darasin Asabar kamar yadda ya yi mata alkawari. Ta buɗe ƙofar baya, ta tsaya. Babu komai sai ƙarfe tsirara da ramukan noti.

"Baba, ina zan zauna?"

"Shigo gaba mana, uwata."

Ta kalli kujerar gaban, ta kalli salansar da ke karkarwa tana tofar da hayaƙi. Ta ja da baya.

"Bari kawai in bi su ƙawata. Ba nisa."

"Yanzun nan zan kai ki. Kafin ki ƙifta ido."

"Na sani, Baba," ta ce, ta rufe ƙofar da hannu biyu, ta wuce da sauri ba ta waiwayo ba.

Matarsa ta fito da kwandon wanki a kunkuminta. Ta leƙa ta gilashi, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye kwandon a ƙasa.

"Ina kujerar?"

"Tana gareji."

"Gyara za a yi mata?"

"An cire ta ne. Nauyi."

"Nauyi," ta maimaita. "Baban Yaya, a kanta fa na riƙe shi."

Ya kashe injin. Layin ya yi tsit, har ana jin rediyon wani gida.

"Ba za ki gane ba. Abu kaɗan ya rage. Da kin ji yadda take amsawa yanzu..."

"Na yi shiru da ka cire sanyi muna gasuwa. Na yi shiru da maƙwabta suka daina amsa gaisuwata da safe saboda kana tashe su. Yarinyar nan ta zo ta biyu a ajinsu, takardar na kan tebur tun ranar da aka ba su, ka ɗora kofin shayi a kai. Ban ce komai ba, na ce kowa da yadda yake kukansa." Muryarta ba ta tashi ba, sai ma ƙasa da take yi. "Mu uku muka rage a gidan nan, ka mai da motar ta mutum biyu. Wanne ka cire a cikinmu?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon sitiyari. Yana son ya gaya mata cewa duk lokacin da ya rufe ido, bayan tifar nan yake gani, yashi na zubowa kaɗan-kaɗan a kan gilashinsa. Yana son ya ce in bai wuce tifar nan ba, ba zai taɓa barci ba. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Zan je in gwada ta ne in dawo. Ba zan daɗe ba."

Ta shiga gida. Ya ɗauka ta tafi ke nan, ya sa hannu zai murɗa makulli, sai ga ta ta fito da mayafi da jaka. Ta kulle ƙofa, ta zagayo, ta zauna a gefensa. Rabonta da shiga motar tun ranar.

"Mu je," ta ce. "In ga abin da ka bar mu saboda shi."

A hanyar kasuwa cunkoso ya riƙe su. Motar ba ta son tafiyar hankali yanzu, sai fizga take yi tana tari, ya riƙa taka kuloci yana lallaɓa ta. Zafi ya cika cikinta, ga warin fetur. Babu kujerar da za ta shanye ƙara, don haka kowane dutse da taya ta taka sai ya amsa a bayansu kamar ana buga garwa. Wani mai sayar da goge-goge ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, tseren ina za a?"

Suka wuce gidan mai, suka wuce shagunan masu katako, hanya ta buɗe. Ga hawan nan a gabansu, yana sheƙi a rana. Ga kuma tifofin, guda uku a jere, kamar tun ranar ba su gusa ba.

Sannu-sannu ya gyara riƙon sitiyari. Ya matsa har ya kusa taɓa bayan ta ƙarshe. Yashi ya zubo a kan gilashi. Ya sauke giya, ya karkata sitiyari, ya taka.

Da farko ba abin da ya faru. Sai wani siririn fito ya taso daga cikin bonet, motar ta yi tsalle kamar an harbe ta daga baya. Kan matarsa ya bugi kujera. Tifa ta farko ta shuɗe ta gefensu, manyan tayoyinta sun kai tsayin tagarsu. Ta biyu ta shuɗe. A saman hawan wata doguwar bas ta ɓullo tana kunna musu fitila, tana zabga oda. Allurar zafi ta wuce rabi, ta doshi ja. Ya gan ta sarai. Bai ɗaga ƙafa ba. Suna daidai da kan tifa ta uku, har yana ganin direban bas ɗin na ɗaga hannu biyu, sannan ya fizgi sitiyari ya faɗa gaban tifar. Iskar bas ɗin ta girgiza su, zagin direbobi ya biyo su ya ɓace.

"Kin gani?" ya yi ihu, yana dukan sitiyari. "Kin gani? Ukun duka! Ukun duka!"

Dariya yake yi, ruwa na bin kumatunsa. Ya juya ya dube ta. Ba hanya take kallo ba. Hannayenta biyu na kan cinyarta a lanƙwashe, tafin a buɗe, kamar mai tallafe da wani abu, kuma da alama ba ta san ta yi hakan ba.

Bai rage gudu ba sai a ƙofar asibiti. Maigadi ya ji rurin ya ɗage sandar da sauri. Sannu-sannu ya bi siririyar hanyar da ke kaiwa ƙofar gaggawa, wadda mota ɗaya kawai take ci, bango ta hagu, turakun ƙarfe ta dama. Ya taka birki a ƙarƙashin rumfar, taya ta yi ƙara.

Wani ma'aikaci ya fito a guje yana turo keken marasa lafiya. Ya fizge ƙofar baya ya buɗe.

"Ina mara lafiyar?"

Ya ga ƙarfe tsirara. Ya dubi mijin, ya dubi matar.

"Malam, ina mara lafiyar?"

Sannu-sannu ya waiwaya baya shi ma, kamar zai nuna masa.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa," in ji matarsa. "Babu kowa. Kuskure ne."

Ma'aikacin ya buga ƙofar. "To ku matsa mana daga nan, ba wurin wasa ba ne." Ya juya da kekensa yana gunaguni.

Suka zauna. Injin na bugawa ba daidai ba, wani abu na ƙwanƙwasa a cikinsa.

"To, mun iso," ta ce.

"Da a ce ranar nan haka take..."

"Da ranar nan haka take, da a ƙarƙashin bas za a tsince mu mu uku, a bar Yaya ita kaɗai." Ta gyara mayafinta. "Ka wuce su, Baban Yaya. Na gani da idona, zan shaida ko a gaban wa. Yanzu sai me?"

Wata da watanni yana hango wannan tsayuwar a ƙarƙashin wannan rumfa, bai taɓa hango abin da ke bayanta ba. Ya ɗauka wani abu zai sauka daga ƙirjinsa. Ga shi nan daram inda yake.

"Bakanike ya ce in aka sa babban lagireto..." ya fara, sai ya ji abin da yake faɗa, ya yi shiru.

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka ba amsar da take jira.

"Zan ɗauki Yaya mu je wajen Umma. Na yi mata waya tun jiya, ban dai yanke ba sai yanzu. Abincinka na cikin kula. Makullin gida ga shi." Da ta fita, ta ɗora shi a kan kujerar da ta tashi, ta sunkuyo ta taga. "Ni ma ɗana ne. Ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ba."

Ta bi gefen turakun ta nufi ƙofar fita, ba sauri ba, ba nawa ba. Ya kama murfin zai buɗe ya bi ta. A daidai lokacin injin ya yi wata ƙara kamar an jefa cokali a injin niƙa, ya mutu. Farin tururi ya turnuƙo ta gefen bonet, ruwa mai tsatsa ya malalo ƙasa yana tafasa.

Sai oda a bayansa.

Wata tsohuwar mota ce ja, gilashinta a tsage, ta shigo siririyar hanyar ta tsaya dab da shi. Direban, wani saurayin magidanci da rigar gida, ya fito da rabin jikinsa ta taga.

"Matsa! Don Allah matsa!"

Sannu-sannu ya murɗa makulli. Injin ya yi ƙas, ya tsaya. Ya sake murɗawa. Ƙas.

"Malam, yaro ne! Ka matsa!"

Ya taka totur, ya murɗa, ya sake murɗawa har makullin ya kusa karyewa. A madubi ya ga mutumin ya buɗe ƙofar baya, ya karɓi wani yaro daga hannun wata mata. Kan yaron ya langaɓe, ƙafafunsa na lilo. Ma'aikacin ya sake fitowa da keken, amma keken bai sami hanya ba tsakanin motar da turaku. Mutumin ya ɗaga yaron sama, ya matse jikinsa ta gefen bango, ya ratsa ta cikin tururin yana kare fuskar yaron da kafaɗarsa. Da ya zo daidai taga, ya dubi Sannu-sannu ido cikin ido.

"Wane irin mutum ne kai?"

Ya wuce. Matar ta bi shi da takalmi ƙafa ɗaya. Ƙofar gaggawa ta haɗiye su.

Sannu-sannu ya fito. Ya saki birkin hannu, ya sa kafaɗa a jikin ƙofa, hannu ɗaya a sitiyari, ya fara turawa. Maigadi ya taho yana faɗa, da ya ga fuskarsa sai ya yi shiru ya kama ta baya. Suka tura ta ta fita daga rumfar, suka karkata ta zuwa wani fili kusa da tankin ruwa. Tana ta ɗiga, ta bar baƙin layi a kan siminti tun daga ƙofar.

Ta tsakanin ƙarafan shinge ya hango matarsa a wurin jiran bas, ta ba asibitin baya. Bas ta zo ta tsaya ta rufe ta. Da ta tashi, babu kowa a wurin sai wata mai sayar da lemo.

"Sai ka kira mai janwe," in ji maigadi, yana karkaɗe hannu. "Nan na masu jinya ne. Kana da mara lafiya a ciki?"

"A'a."

"To ka san abin yi. Kafin in sauka aiki a ɗauke ta."

Sannu-sannu bai ciro waya ba. Ya taka zuwa bakin dakalin da ke fuskantar ƙofar gaggawa ya zauna, ya haɗa hannayensa masu baƙin mai tsakanin gwiwoyi.

"Wa kuma kake jira?" maigadi ya tambaya.

"Yaron nan da aka shiga da shi. Bari dai in ji yadda ya yi."

"Ɗan'uwanka ne?"

Sannu-sannu ya ci gaba da kallon ƙofar. Maigadi ya ɗan tsaya, ya girgiza kai, ya koma bakin aikinsa.

Ƙofar ta buɗe, Sannu-sannu ya miƙe tsaye. Wata mai shara ce da bokiti. Ya koma ya zauna. Jim kaɗan ta sake buɗewa, ya sake miƙewa.